Ganye Tara da Suka Rage

Kwana bakwai da rasuwar matarsa, Shamarao Nadgir ya sauko da jakar yadin da ke rataye a bayan ƙofa ya duba cikinta. Akwai littafin rubutu mai jan bango, alƙalami biyu, gilashin ƙara girman rubutu, da 'yar kwalbar kunkunniyar fitila da aka kwaɓa da mai. Matar tasa Tungabai ce ta haɗa jakar tun kafin ta kwanta ciwo. Bai ƙara komai ba, bai cire komai ba.

Ɗansa Pralhad yana tsakar gida da jiƙaƙƙen zane a ƙugu, yana shirin hidimar mamaciya ta wannan rana.

"Appa, ina zuwa?"

"Kallapur."

"Yau?"

"Yau tara ga bikin Dasara."

"Na san ranar. Muna cikin sutaka, ƙazantar mutuwa, Appa. Sai an cika kwana goma. Ko kofin shan ruwansu ba za su bari ka taɓa ba, balle littafin."

"Motar ƙarfe bakwai da rabi ce."

"Mutane za su zo ta'aziyya. In ce musu me? Farfesa ya tafi karatu?"

"Ka ce musu haka."

Ya sa takalmi ya fita. Daga Dharwad zuwa Kallapur tafiyar awa biyu ce da ɗan wani abu. Ya sami wuri a gefen taga, ya ɗora jakar a cinya. Matar da ta zauna kusa da shi ta dubi farin gemun da ya tsiro masa na kwana bakwai, alamar mai makoki, ta janye kwandonta.

Shekara ashirin da shida ke nan yana yin wannan tafiya a wannan rana. A 1960, yana ƙaramin malamin harshen Kannada a kwaleji, wani ɗalibinsa ya gaya masa cewa a gidan Inamdar na Kallapur akwai tsohon littafi na ganyen giginya da ake ajiyewa tare da allolin gida. Ya je ya gani. Ganye ɗari biyu da arba'in da uku ne, an huda su an zura kirtani, an matse su tsakanin katako biyu. Doguwar waƙa ce da tsohuwar Kannada ta kimanin shekara ɗari shida, labarin wata masaƙiya da ta taka da ƙafa zuwa birnin sarki don a buɗe wa ƙauyensu ruwan tafki. Ya bincika ɗakunan ajiyar littattafai daga Mysore har Madras, bai sami kwafi na biyu ba. Sunan mawaƙin ma ba a sani ba, domin irin waɗannan mutane a ganyen ƙarshe suke faɗin sunansu.

Mai gidan na lokacin, Bhimarao Inamdar, ya gindaya sharuɗɗa. Ba a kwance littafin sai ranar tara ga Dasara, bayan an yi masa bautar Saraswati, allahiyar ilimi, da safe. Kafin a kunna fitilar yamma an ɗaure shi. Ba ya fita daga gidan. Kyamara ba ta shiga. Shamarao ya amince, yana ganin tsohon zai sassauta nan da shekara biyu. Tsohon ya mutu bai sassauta ba, ɗansa Gururaj ya gaji gonaki da sharuɗɗan.

Ganye tara suke iya yi a yini ɗaya. An karce haruffan ne da tsinken ƙarfe, ba sa fitowa sai an shafa baƙi an goge. Shamarao ya shafa, ya duƙa da gilashinsa, ya karanta layi da ƙarfi. Tungabai tana hagunsa da littafin rubutu a gwiwa, tana rubutawa. In sun gama ganye sai ya ce ta maimaita masa layin ƙarshe. Tun shekarar farko haka suke yi, saboda rubutunsa ko shi kansa yana shan wuyar karanta shi.

Yana da ƙa'ida ɗaya da duk ɗalibansa suka haddace: abin da ido ya gani hannu bai rubuta nan take ba, ba ya shiga littafi. A kanta ya rabu da wani abokinsa na Mysore, wanda ya cike layi biyu da ka a wani aiki, Shamarao ya fallasa shi a mujalla. Kuma ba ya tsallake ganye. Tungabai ta sha yi masa tsiya a motar dawowa.

"Maigida, ka leƙa ƙarshen mana. Mu san ko an buɗe wa matar nan ruwanta."

"In mun kai za mu gani."

"In mun kai! Na aurar da 'ya, na ga jikoki, ita har yanzu tana zaune a ƙofar fada."

Bara sun tsaya a ganye na ɗari biyu da talatin da huɗu. Saura tara. Wata guda da ya wuce katin wasiƙa ya zo daga Gururaj: ƙwari sun cinye littafin, malamin bauta ya ce abu mai tsarki in ya lalace kogi ake kai shi. Bana ce ta ƙarshe. Ranar goma ga Dasara da safe za a sa shi a kogin Malaprabha.

Ya isa Kallapur wajen goma da kwata. A ƙofar gidan Inamdar an wanke tarakta saboda bikin an rataya mata furanni, an jera garma da lauje an ɗiga musu jan gari. Gururaj yana tsaye a kan dakali da farantin tagulla a hannu. Da ya ga mai zuwa sai ya ja baya taku ɗaya.

"Mastare." Haka suke kiran malami. Ya ajiye farantin ya haɗa tafin hannu daga nesa. "Mun gani a jarida. Na ce sai an yi kwana goma sha uku mu zo."

"Na gode."

"Yau kwana nawa?"

"Bakwai."

Gururaj ya dubi ƙafafun baƙon, ya dubi dokin ƙofa. "Ka san ba zai yiwu ba."

"Na sani."

"To me ya kawo ka?"

"Katinka ya ce gobe kogi."

"Haka ne."

"Ka ɗaga zuwa baɗi."

"An riga an sa rana. Ka ga abin da ke zubowa daga cikinsa? Gari ne, kamar na dawa. Ba a ajiye ruɓaɓɓen abu a gaban alloli."

"Ka ba jami'a. Suna da maganin ƙwarin."

"Kawuna na Gadag ya ba su nasa. Je ka ga gidansa yanzu. Awaki ke kwana a ciki."

Shamarao ya lura ba ya jin haushi. Ya tsaya riƙe da jaka yana kallon furannin da ke kan tarakta.

"Wa ke tsaye a rana kamar mai tallan tukwane?"

Ambakka ce, matar marigayi Bhimarao, uwar Gururaj. Ta haura saba'in da biyar, jan zanen zawarawa ya rufe mata kai. Ta dafa gefen ƙofa ta ƙanƙance ido.

"Au, kai ne. Ta sha wuya?"

"Kwana huɗu, Akka."

"To da sauƙi. Bara ta tafi da gwangwanin lemon tsamina mai gishiri, ta ce za ta dawo mini da shi bana. Ka zo da shi?"

"A'a."

"Na sani. Maza." Ta juya ga ɗanta. "Me ake jira?"

"Awwa, yana cikin sutaka."

"Ina da ido. Ubanka ya ce littafi ba ya fita daga gidan nan. Ya ce ba ya zuwa bakin ƙofa?"

"Awwa..."

"Sutaka a hannu take, ba a ido ba. Shi yana waje, littafi yana ciki, ni ce mai riƙewa. Wa ya taɓa wa?"

"In malamin bauta ya ji fa?"

"Ka turo mini shi. Ni na yi wa uwarsa unguwarzoma. Ɗauko kujerar katakon nan, ka daina tsayuwa kamar turken shanu."

Aka ajiye 'yar gajeriyar kujera daga cikin dokin ƙofa, aka ɗora littafin. Katakon sama ya yi kauri da busasshen kwaɓin itacen sandal mai ƙamshi da jan gari na shekaru. Ambakka ta zauna a ƙasa ta kwance kirtanin. Gari ya zubo mata a zane. Ba za ta taɓa kwalbarsa ba, don haka ta kankaro kunkunniya daga fitilar kicin ta kwaɓa da man riɗi a murfin kwano.

Shamarao ya zauna a waje, taku ɗaya daga dokin ƙofa. Ya buɗe littafin rubutu a sabon shafi, ya sa kwanan wata da lambar ganye, ya kwantar da alƙalami a tsakiya, ya ajiye shi a hagunsa.

"Wanda aka sa wa zare ja, Akka. Daga nan. A hankali, kar ki danna."

"Shekara sittin ina murza gurasar dawa, kai za ka koya mini yatsa?"

Ta shafa, ta goge da tsumma. Haruffan suka fito, ƙanana, zagaye, layi bakwai a kowace fuska. Don ya gani sai da ya duƙa sosai, hannun dama riƙe da gilashi, na hagu dafe da ƙasa don kar ya faɗa kan dokin ƙofa. Niyyarsa ya karanta layi ya koma ya rubuta. A layin farko ƙwaro ya ci tsakiyar wata kalma, ya daɗe a kanta yana juya gilashin.

"Ramin ƙwaro, harafi biyu," in ji shi da ƙarfi. Ya karanta layin har ƙarshe. Ya yi shiru daidai tsawon lokacin da alƙalami ke ɗauka. Sannan ya karanta na biyu.

Haka ya ci gaba. Ya karanta, ya dakata, ya karanta. Inda marubucin ya yi kuskure sai ya ce a bar shi yadda yake a sa alama a gefe. Inda harafi ya yi kama da wani sai ya faɗi dukansu biyu. Ambakka tana juya ganye, tana shafawa, tana gogewa. Da suka shiga ganye na uku ta ɗago kai ta dubi hannuwansa, ta leƙa gefen ƙofa inda littafin rubutu yake.

"Mastare, ba ka rubutawa?"

"Ana rubutawa," in ji shi, bai ɗago ba.

Ta dube shi na ɗan lokaci. Ta mai da ido kan ganyen ta juya shi.

Da azahar surukarta ta ajiye masa abinci a ganyen ayaba a can ƙarshen dakali. Bai tashi ba. Aka ajiye shayi a ƙasa kusa da shi, ya huce, ƙuda suka taru a bakin kofin. Ambakka ma ba ta ci ba. Baƙi suka zo gaisuwar biki, suka ga ƙofa a tare, Gururaj ya bi da su ta ƙofar shanu yana ba su haƙuri. Inuwar gida ta bar dakali ta koma ɗaya gefen. Bayansa ya ƙage, ya san ya ƙage, bai dame shi ba.

A cikin waƙar sarki ya saurari masaƙiyar a rana ta arba'in. Ya yaba da maganarta, ya sa aka ba ta zane da abincin hanya. Bai buɗe ruwan ba. Ta koma ƙauye ta tarar mutane sun riga sun tashi. Ta share ɗakinta, ta kafa masaƙarta. Nan labarin ya tsaya. A fuskar ƙarshe ta ganye na ɗari biyu da arba'in da uku mawaƙin ya faɗi sunansa, da sunan ubansa, da garinsu, da shekarar da ya gama. Shamarao ya karanta su da murya ɗaya da sauran, ya maimaita shekarar sau biyu kamar yadda yake yi wa lambobi.

Ya miƙe bayansa ya ajiye gilashin.

"Maimaita mini layin ƙarshe."

Daga cikin gida ana jin ƙarar kwanuka. Ya jira. Sannan ya juya hagu.

Littafin yana nan a buɗe inda ya ajiye shi, alƙalami a kwance a tsakiya. Iska ta kawo ɗan busasshen fure ta ajiye a kan shafin. Akwai kwanan wata, akwai lambar ganye. Ya ɗauki littafin ya juya shafi na gaba, ya juya na bayansa. Ya dawo na farko.

"Na ga kana magana da ita," in ji Ambakka a hankali. "Na ce bari in ƙyale ku."

"I."

"Da na san wa za ka bar wa aikin, da na zungure ka da muciya, sutaka ko ba sutaka."

"Ba laifinki ba ne, Akka."

"Ka riƙe a ka? Ai ku masu ilimi kuna riƙewa."

"Wasu layuka."

"To ka zauna a mota ka rubuta su."

"Ba a yin haka."

Ya dubi sama. Rana ta sauka bayan rumbun maƙwabta. Gururaj ya fito daga ciki da ashana a hannu, ya riga ya yi wanka ya sake zane.

"Awwa, lokaci ya yi. A ɗaure. An gama ko, Mastare?"

"Wane lagwani ka sa a fitilar?" in ji Ambakka.

"Wanda ke ciki."

"Na jiya? A ranar Saraswati? Je ka murza sabo. Audugar tana cikin akwatina, a ƙasa, ƙarƙashin zannuwa. Ka murza da kyau, ba irin na matarka ba mai kama da wutsiyar ɓera."

Gururaj ya dubi uwarsa, ya dubi littafin rubutun da ke hannun baƙon. Ya koma ciki.

"Ganye ɗaya," in ji Ambakka. "Yaron nan ba shi da sauri, amma ba zai wuce haka ba. Ga na ƙarshen a hannuna, mai sunan mutumin."

Shamarao ya cire murfin alƙalami.

"Mai zare ja."

"Na farkon? Shekara ashirin da shida kana neman sunan nan."

"A nan muka tsaya bara."

"Kai dai Tunga ta yi haƙuri da kai."

Ta mai da ganyen baya ɗaya bayan ɗaya har ta kai mai zaren. Ya ɗora littafin a gwiwa. Sai ya duƙa ya duba rabin layi, ya ajiye gilashi, ya rubuta, ya sake ɗauka. A inda ƙwaro ya ci ya sa ɗigo biyu. Wannan karon bai karanta da ƙarfi ba. Rubutunsa ya karkace yana gangarowa ƙasa, a ƙarƙashin shafukan da ke cike da nata mai tsabta. Hasken yana raguwa, ya matso har goshinsa ya kusa dokin ƙofa, Ambakka ta ce masa ya kula. Ya gama layi na goma sha huɗu, ya duba shi da na ganyen, ya gyara harafi ɗaya.

A ciki aka buga ƙararrawa. Gururaj ya fito, ya durƙusa, ya haɗa ganyen, ya matse katakon, ya naɗe kirtanin sau bakwai ya ƙulle. Ya ɗauki littafin da hannu biyu ya shiga da shi.

Shamarao ya zubar da shayin a gindin bishiya, ya kife kofin a inda za a zuba masa ruwa kafin a taɓa shi. Ya naɗe ganyen ayaban da abincin ya kai wa shanu.

"Gobe da hantsi za a kai shi," in ji Ambakka daga bakin ƙofa. "In kana so ka tsaya daga nesa ka gani, akwai ɗaki a bayan rumbu."

"Gobe kwana takwas. Pralhad yana buƙatata."

"To ka sauka lafiya. Ka ce wa surukarka ta nemo mini gwangwanina."

Ya sami motar ƙarfe shida da rabi. Da ya isa gida Pralhad yana zaune a dakali da mutum biyu da suka zo ta'aziyya. Suka miƙe. Ya haɗa musu hannu.

"An gama, Appa?"

"An ɗaure."

Ya rataye jakar a bayan ƙofa ya wuce wurin wanka.

Bugaggen littafin ya fito bayan shekara biyu, shafi ɗari huɗu da goma sha biyu. A bangon ciki an rubuta cewa Tungabai Nadgir ce ta kwafe ganye ɗari biyu da talatin da huɗu, Shamarao Nadgir ya kwafe ɗaya. Waƙar ta tsaya a tsakiyar jimla, masaƙiyar tana zaune a ƙofar fada. A ƙasa akwai bayani na layi uku: ganye takwas na ƙarshe mai gyara ya gan su sau ɗaya, ba a rubuta su a lokacin ba, asalin kuma ba ya nan. A wurin sunan mawaƙi an sa cewa ba a tabbatar ba.

Ɗalibansa biyu sun zo gida a lokuta daban-daban suna roƙonsa ya faɗi sunan, ko da ba za a buga ba. Ya ba su shayi, ya tambaye su aikinsu.